Muryar Baba a Cikin Tumatir

Ni dai tun ina sakandare ba a barin rediyo kusa da ni. Duk wanda na samu sai na buɗe cikinsa na ga abin da ke magana. Inna har cewa take da za a ba ni agogon masallaci, da unguwarmu ta yi Azahar da hantsi.

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa yankinmu na Kura, lokacin sai a hannun dillalai ake ganin ta, babur ya kayar da Baba a kan hanyar gona, ya karye a cinya. Maɗori ya ɗora shi, ya ce kada ya kuskura ya motsa. Tumatirinmu kuwa ya fara fure, daidai lokacin da ban-ruwa ya fi bukatar idon mai gona.

Baba mutum ne mai faɗa. In yana gona, tun daga bakin titi za ka san yana nan. Amma kwanciyar nan sai ta cinye shi. Yayana, wanda ya riƙe gonar, yakan dawo ya durƙusa yana ba shi labarin aiki, shi kuwa ya ce "to" ya juya fuska bango. Wata rana na ji yana gaya wa Inna shi tasa ta ƙare, a raba wa yara gonar kawai. Wannan magana ta fi karayar tsorata ni.

Da ma na taɓa haɗa wata 'yar na'ura mai jefa murya cikin rediyo, daga zanen da malaminmu na kimiyya ya yi a allo, sai dai muryar ba ta wuce zaure. Na shiga mota zuwa kasuwar Sabon Gari na sayo taransisto masu ƙarfi, waɗanda za su kai murya nesa. Na nannaɗe wayar tagulla a jikin biro, na ciro makirufo daga wata matacciyar rikoda. Ba ni da ƙarfen liƙi, don haka ƙusa nake sokawa a garwashin Inna, in ta yi jawur in narka dalma da ita. Yatsuna sun sha ƙuna ba kaɗan ba. Na cusa komai a gwangwanin madara, batirin babur ɗin da ya jawo mana fitinar kuma na ce shi zai ba da wuta.

Gonarmu a bayan gari take, in ka hau katanga kana hango ta. Na kafa doguwar gora a bakin magudana, na ɗaure mata eriya, na bar wa Yaya gwangwanin, na sheƙo gida. Na ɗauki rediyon Baba ina murɗawa a hankali. Shuuu, shuuu, can sai ga ƙarar ruwa, sai ga Yaya raɗau: "Ana ji? Kai, ana ji kuwa, ko in koma aikina?"

Wallahi tsalle na yi har kaina ya daki saman ƙofa, ban ma ji zafi ba!

Baba ya juyo. Ya karɓi rediyon ya kara a kunne, yana sauraron ruwa na shiga fangalin tumatir. Sai kawai ya daka wa rediyon tsawa: "Kai! Ka toshe na sama kafin ka buɗe na ƙasa?" Yaya can yana ta fito abinsa. Baba ya dube ni rai a ɓace. "Ina yi wa yaro magana yana mini fito?"

Na ce, "Baba, ai kai ke jin sa, shi ba ya jin ka."

Ya miƙo mini rediyon. "Ina amfanin kunne ba baki? Ɗauke abinka."

Ya sake juyawa bango, ni kuwa na fita ina washe baki, don rabon da ya yi wa wani tsawa tun ranar da ya faɗi. Na koma kan garwashi na haɗa gwangwani na biyu, wanda zai kai muryarsa gona. Da fari biyun suka riƙa yi wa juna kuwwa kamar an taka wutsiyar kyanwa, sai da na raba musu tasha, kowa da tasa. Rediyon Yaya muka rataya a jikin gora, Inna kuma ta yarda za ta riƙe wa Baba gwangwaninsa.

Da safe ina tsaye a gona, sai sallamar Baba ta fito daga gora, gangariya, har da gyaran muryarsa. A gonakin ban-ruwa kowa kusa da kowa yake. Wani dattijo maƙwabcinmu ya yar da fartanya ya taho, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban gorar.

"Malam, ya jiki? Ashe ka samu fitowa!"

"Da sauƙi, Alhaji. Ya ruwa a wajenka?"

Kan ka ce kwabo mutane sun yi layi, kowa ya durƙusa ya yi sannu ya ba na baya wuri. Wani ya ruga gonarsa ya cizgo albasa ya ajiye a gindin gora, wai ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Ni da Yaya dariya kamar cikinmu zai fashe, amma ba mu isa mu yi ta a gaban manya ba.

Da aka gama gaisuwa, sai muryar ta tashi yadda muka san ta.

"Ina babban? Ruwan nan da nake ji yana ambaliya, tumatir kake shayarwa ko shinkafa? Cire tiyo ɗaya!"

Yaya ya zabura. Yana wuce ni ya ce, "Ka ga abin da ka jawo mana ko?" Amma na ga yana share ido da bayan hannu.

"Kuma ku saurara," in ji gora. "Kada wanda ya taɓa mini fangalin gabas. Da ƙafata zan zo in tsinke shi."