Kifin da Na Hana Balki Ci

Yau ma na dawo daga aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na zauna bakin gado ko takalmi ban cire ba, sai ƙamshin bandar maƙwabta ya shigo ta taga, ya tuno mini da Iya.

Iya kakarmu ce, mahaifiyar babanmu. A gidanmu na New Bell, ita ke da kusurwar tsakar gida inda aka kafa rabin duro da raga a kai. Da safe ta je kasuwar Youpwé ta saro kifi, da yamma ta yi banda. Mu 'yan Douala ba mu san wutar jin ɗumi ba, a garin da ko ana ruwa zufa kake yi. Wutar bandar Iya ce tamu. Bayan magariba mu zagaye ta, hayaƙi na korar sauro yana sa mu hawaye, ita kuma tana juya kifi da hannu kamar ba ta san zafi ba. Ba ta jiran mu ce ta zo mu ji ta, tana cikin juyi za ta fara.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa, har mun gaji da ita. Wai a wani gari na bakin tafki, wani masunci ya gano cewa babban kifin gindin ruwa yana haɗiye wani mugun abu, mai ciki in ta yawaita cinsa sai ya taɓa ɗan. Ƙananan kifaye kuwa lafiya lau. Aka sa mai shela ya sanar. Ya zaga gari yana faɗa yana tafiya, ba wanda ya ji maganar daga farko har ƙarshe. Wannan ta ji "kifi", waccan ta ji "mai ciki". Kafin kwana uku gari ya bar kifi gaba ɗaya, aka koma rogo da gishiri. Yara suka rame, gashinsu ya yi ja. Sai wata tsohuwa ta ɗauki ƙaramin kifi a akushi tana bi gida-gida. A kowane gida sai ta zauna ta ci a gabansu, sannan ta gwada musu da hannu girman wanda za su bari.

"Mai shela ƙarya ya yi?" in ji Iya.

Mu ce a'a.

"To, bai yi ba. Bai dai zauna ba ne."

Ni lokacin kan kifin da za ta ba mu kawai nake jira.

Yanzu ina aiki a wani ofishin kiwon lafiya. Watannin baya aka kawo mana takarda da Faransanci, shafi huɗu, kan gubar da ke taruwa a jikin manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, da kuma haɗarin kifin da aka banda da leda ko katako mai fenti. Da yake ni ce Bahaushiyar ofis, aka ce in isar wa matan unguwanninmu. Na gaji da yawon gida-gida, gaskiya, ga rana ga cunkoson hanya. Sai na ɗauki waya na yi saƙon murya, na tura zauren matan unguwa. Na faɗi komai daidai, minti bakwai cur. Wa ke sauraron minti bakwai tana tuƙa tuwo?

Ban san abin da na yi ba sai da aka kira ni cewa Balki ta faɗi a banɗaki. Balki ƙanwata ce, tana aure a unguwar Ndogpassi, cikinta wata shida. A asibiti suka ce jininta ya yi ƙasa sosai. Nama ya fi ƙarfin gidan, kifi ne abin da suke samu, kuma wata biyu ke nan ba ta taɓa shi ba. Burodi da shayi take ci, sai rogo.

"Yaya, ba ke kika ce yana kashe ɗan cikin ba?"

"Ban ce haka ba, Balki. Manya na ce, kuma na ce a rage."

"Ni dai muryarki na ji. J'ai eu peur, wallahi tsoro na ji."

Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na fi shekara goma ina ganin aikina shi ne in faɗi gaskiya in wuce, wanda ya ji ya ji. Ashe hana mutum abin da yake ci ba ƙaramin abu ba ne, in ba ka tsaya ka ga me ya rage masa a tukunya ba.

Da aka sallame ta, na nemi wata mai banda da na ga itacenta da idona, na sayi ƙananan kifi, na yi miya na hau babur na kai mata. Ta buɗe kwano ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

"Ke kina ci?"

Na buɗe baki in ce ƙwarai, sai na tuna tun ranar da na karanta takardar nan kifi bai shiga gidana ba, babba ko ƙarami. Ni ma da na karanta shafi huɗun, kan maganar kawai na riƙe.

Na cire takalmi, na wanke hannu, na zauna a tabarma kusa da ita na fara ci. Sai da na cinye na biyu ta miƙo hannu.

Akwai sauran gidaje da yawa da muryar nan tawa ta shiga, kuma ƙafafuna ciwo suke. Gobe zan fara da layinmu.