Ludayin da Na Karɓe a Hannun Inna

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a a Alƙahira, muna haya ni da wasu ɗalibai mata a Ainu Shams. A 2014 ne. Maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa Bamisriya ce, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin gidan kula da tsofaffi a Ma'adi. Wata Asabar ta ƙwanƙwasa mana ta ce tana neman mai jin yaren wata tsohuwa baƙar fata da ke wajensu. Na tambaye ta wane yare, ta ce ita dai kalma ɗaya ta riƙe, wai "sannu". Na yi dariya na ce ta jira in ɗauko hijabina.

A cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, ta ba ni labarin. Tsohuwar Bahaushiyar Sudan ce. Wani Bamisre ya aure ta ya kawo ta Alƙahira tun tana da ƙuruciya, har ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Da ciwon mantuwa ya kama ta, Larabcin da ta yi sama da shekara hamsin tana yi ya zube, Hausar ƙuruciyarta kaɗai ta rage, 'yar kuma ba ta ji. Yanzu ta kusa mako biyu ba ta cin abin kirki, sai shayi. Likitan da ke duba su ya ce idan ba ta fara ci ba zuwa Alhamis, za a kai ta asibiti a sa mata robar abinci ta hanci. Duk sun san fizge robar za ta yi, kuma in ta fizge ɗaure mata hannu za a yi.

Na same ta a ɗakin cin abinci, 'yar firit da ita, faranti a gabanta, ta kawar da kai. Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni?" Ta juyo da sauri, ta amsa, ta tambaye ni mutanen gida da gajiyar hanya kamar jiya muka rabu. 'Yarta, wadda ta haura hamsin, tana tsaye tana share hawaye. Na lallaɓa Inna ta ci ko loma ɗaya ce. Ta ce, "Ai ban yi rabo ba." Da 'yar ta tambaye ni me ta ce, sai na ce ba komai, gigin tsufa ne kawai.

Ni a lokacin ganin kaina nake na gama gano matsalar. Na ce ai abincin ne bai karɓe ta ba, wa zai ba tsohuwar Bahaushiya makaroni ya ce ta ci? Washegari na tashi na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miya da kukar da mahaifiyata ta ƙullo mini, wadda ko 'yan ɗakinmu ba na ba su. Na ɗauko kula na ratsa gari da ita, ina tafe ina hango yadda za a yi ta sa mini albarka.

Da na buɗe kular, Inna ta shaƙi ƙamshin, fuskarta ta saki. Ta miƙo hannu ta ɗauki ludayin. Ni kuwa 'yar tarbiyya, wadda aka rena a gidan da babba ba ya ɗaga ko tsinke yaro na zaune, na yi wuf na karɓe. Na ce, "Haba Inna, ina zaune? Ki huta, ni zan zuba miki." Ta bi ludayin da kallo, ta mayar da hannuwanta cikin mayafi. Na zuba, na tura gabanta, na koma gefe na zuba mata ido. Ko kallon tuwon ba ta sake yi ba, ranar ma har shayin ta ƙi. Na yi gyaran gangar Auzinawa, na koma gida da kulata cike, raina a ɓace, har da ɗan jin haushinta, Allah Ya yafe mini.

Ranar Litinin kunya ce kawai ta mayar da ni. Na tarar an fito da ita tsakar gida shan iska. Kusa da ita mai dafa abincin gidan, wata ƙatuwar mata mai fara'a, ta baje ɗaurin mulukhiyya tana tsinke ganyen. Inna ta ƙura wa ganyen ido ta ce, "Lalo." Matar ba ta san me ta ce ba, amma ta ga yadda yatsunta ke motsi, sai ta ɗebo ta zuba mata a cinya ta ce, "Yalla ya hajja," wato bismillah Hajiya. Wallahi har na miƙa hannu zan kwashe. Matar ta buge mini hannu.

Tsohuwar da aka ce ba ta iya riƙe cokali ta tsinke ganyen nan tas, tana ware masu rawaya gefe. Da na zauna taya ta, ta dubi nawa ta ce haka ake tsinka a gidanku, har da kara? Ta kuma ce wannan lalon ya tsufa, wanda ya sayo bai san kasuwa ba. A nan maganarta ta ranar farko ta faɗo mini. Matar da ta yi rayuwarta tana sallamar kowa kafin ta sa loma a baki, mu muka zaunar da ita kamar baƙuwa muna jira ta ci.

Na faɗa wa maƙwabciyata da 'yar. Shugabar gidan ta nuna damuwa saboda wuta da wuƙa, daga baya ta yarda a gwada, da sharaɗin ba Inna za ta yi yanka ba, kuma a tsaya a gefenta. Ranar Talata da hantsi muka tura ta a keken marasa lafiya zuwa wata 'yar kasuwar kayan miya da ke bayan layin. Rabonta da waje wata bakwai, in ji 'yar. Inna ta sa mai kayan ya sauke ɗaurin lalo huɗu tana murzawa tana mayarwa, tana yi masa faɗa da Hausa, shi kuma yana cewa tamam, tamam, kamar yana ji.

Da muka dawo ta tsinke, mai dafa abinci ta yanka. Ta nemi kanwa, Allah Ya sa na zo da ita. Ita ta juya miyar, ni ina riƙe da kunnen tukunya. Da lokacin ci ya yi aka ajiye tukunyar a kan ƙaramin tebur a gabanta, aka ba ta ludayi. Miya na ɗiga a bakin kwano, zuciyata na cewa ki karɓa, na cije. Kwano goma sha ɗaya ta zuba, tana tambaya wancan dattijon ya samu? Waccan fa?

Sai ta nemi wani kwanon. Ta zuba, ta tsamo tsokar kazar da ta fi kyau ta ɗora, ta rufe da faranti ta tura ƙarƙashin kujerarta. Ta ce mini, "Na yarinyar nan ne, ba ta taso daga makaranta ba. Kar a taɓa." Daga nan ta jawo tukunyar, ta juya wa ɗakin baya, ta ce in zo in sa hannu. A gidanmu ban taɓa haɗa kwano da sa'ar kakata ba, amma ranar na sa. Ta ci loma bakwai ko takwas da shinkafa, ta suɗe yatsunta, ta yi hamdala.

'Yar ta matso ta tambaye ni kwanon waye aka ɓoye. Wannan karon na fassara mata daidai. Sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwar da ba ta gane ta ba, ta jawo kwanon ta buɗe. Inna ta daka mata harara ta ce na yarinya ne. Na ce, "Inna, ai ita ta aiko a karɓar mata." Ta ce to a gaya mata ta cinye duka.

Ba a sa robar ba. Inna ta ƙara wata takwas, kullum ita ke rabon rana, wata rana ta ci sosai, wata rana kaɗan, har Allah Ya karɓi abarsa.

Har yau in na tuna ludayin nan ina jin kunya, domin da ladabi na yi mata abin da ya fi rashin kunya ciwo. Yanzu mahaifiyata ce ta tsufa, idonta ya yi rauni, takan zuba gishiri sau biyu a miya. Ƙannena suna ta cewa a hana ta shiga kicin ta huta. Ni dai na ce a bar ta. Miyar takan yi gishiri, muna ci haka nan.