Sista Mintsini, wadda ta ƙi cewa "da sauƙi"

Tun kafin marasa lafiya su fara layi, za ka same ta a ɗakin awo na ƙarshen baranda tana murza tafukanta har su yi ɗumi. Masu ciwon taurin fata ba sa shiri da sanyi, hannu mai sanyi ya taɓa su sai yatsunsu su yi fari fat. Daga nan ta kama aiki: ta mintsini goshi, ta mintsini damtse da bayan hannu, ta ji ko fatar tana ɗagowa. Shi ya sa kowa ke ce mata Sista Mintsini, ita kuwa ko a jikinta.

Yayata ce ta haɗa mu. Tela ce, ciwon ya ƙanƙame mata yatsu har sa zare a allura ya gagare ta. Aka sa ta cikin masu gwajin wani magani, allurar kashe zafin nan da ake yi kafin a cire haƙori, don a ga ko za ta sassauta fata in an ba da ita cikin ƙarin ruwa. Abin da yatsun Sista suka ji, da shi likitoci za su yanke hukunci.

To, Yaya akwai kara. Ta ga likitoci suna ta ɗawainiya da ita, ta ce wallahi ba za ta bari su ji kunya ba. Ranar awo ta jiƙa hannuwanta a ruwan ɗumi, ta lafta musu mai don fatar ta yi laushi, har ta koya wa matan da suke layi tare.

Sista ta mintsina, ta dubi yatsunta suna ƙyalli.

"Yaya tela, soya hannun nan za mu yi?"

"Haba Sista, ki ce da sauƙi mana. Bayin Allahn nan sun yi ƙoƙari."

"In na ce da sauƙi, gobe wata ta ajiye maganinta ta kama wannan. Alhakinta a wuyan wa? Ku je ku wanke, ku dawo jibi."

Yaya ta yi kuka a hanya, ni ma raina ya sosu. Da gwajin ya ƙare, aka ga maganin bai sassauta fatar ba. Sista ce ta zaunar da su ta faɗa musu, tana riƙe da hannun Yaya, idonta ya yi ja.

Sista, ke ce kika tsare matan da ba ki taɓa gani ba, da kalma ɗaya da kika ƙi faɗa. Ga shi kina ajiye aiki a watan nan. Mun gode, Sista, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaji kujerarta, ku koyi tausayin da ba ya ƙarya.

Har yau Yaya ba ta koma kan keken ɗinki ba. Da na gaya mata Sista za ta tafi, sai ta ce, "Yanzu wa zai ce min da sauƙi in yarda?"