Yadda kuge ya kunyata ni gaban ɗiyata

Jiya bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina.

Ɗiyata Hajaru tana cikin ƴan badujalar makarantarsu nan Aliero, wata biyu ke nan da fara busa ƙaho. Malaminsu ya zaɓar musu wani kiɗan ƙasar waje da ake ce ma Latin, mai tafiya sannu-sannu, za su yi shi ranar raba kyaututtuka.

Ni kuwa, da bokona ya tsaya aji huɗu, na tafi wurin atisaye na ce wanga kiɗa ya yi sanyi. Akwai mai zafi da nake ji a motar direban da ke kai mini albasa Ikko, shi za a yi.

Malam bai ja da ni ba. Ya miƙo mini kuge da ɗan sanda.

"Baba, buga ukku, ka ɗan tsaya, ka buga biyu. Iyakar aikinka ke nan."

Na buga ukku, na mance tsayawar, na zarce har bakwai. Yara sunka fashe da dariya, ban da Hajaru.

Malam ya matso kusa da kunnena. "Sauti biyar kaɗai Hajaru ta iya, Baba. Na nemo kiɗan da biyar ɗin za su kai ta ƙarshe. In na ba ta naka, gobe ta aje ƙahon, ba ta ƙara ɗauka."

Tun jiya Hajaru ba ta yi mini magana. Sharaɗi ɗaya ta aiko mini da shi: ranar Asabar in koma in ba Malam haƙuri gaban yaran duka.

Iyaye ƴan'uwana, da wace kalma ake farawa?