Mai Tsintar Dodon Koɗi

Baraka na wanki a bakin hanyar ruwan da aka jawo daga dam ɗin Bakolori, amma idonta na kan baƙon. Dogo ne siriri, furfura ta fara leƙo gemunsa, tabaransa ɗaure da zare. Yana tsaye cikin ruwa da takalman roba har gwiwa, yana laluben gindin ciyawa da rariya mai dogon mariƙi. In ya kamo dodon koɗi, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, sai ya ɗauke shi da hantsaki, ya lallaɓa shi cikin kwalba kamar mai ajiye ƙwai.

Matan ƙauyensu, Ruwan Gizo, sun ce boka ne. Baraka ba ta yarda ba. Ina aka taɓa ganin boka na tsoron ruwa ya taɓa shi? Wataƙila malamin jami'a ne. Wataƙila shi ma irin wannan ruwa ya taɓa cutarsa.

Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Malam, mi za ka yi da wanga abu?"

"Shi ke goyon tsargiya mai sa fitsarin jini, baiwar Allah. Muna binciken abin da ya sa jikin wasu ke yaƙarta, na wasu ya kasa. In mun gane, sai a nemo rigakafi."

Ta saki rigar da take wankewa. Tun bara ɗanta Labaran ke fitsarin jini, ana ta yi mata barka wai ya balaga.

"Ɗana na yin shi. Ashe ciwo ne?"

"Ciwo ne, kuma yana da magani. Kai shi asibiti."

Ya koma ga rariyarsa. Baraka ta bar wankin a jiƙe, ta kama hanyar gida ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.