Turmin Kaka a Ƙarƙashin Akori-kura

Duk sanda adaidaita ta ratsa da ni ta gaban kanikawan Gaya, warin baƙin mai ya daki hancina, sai murmushi ya kufce min. Mutane na toshe hanci, ni ina shaƙa. Kada ka ga laifina. Warin nan ƙofar gidanmu yake mayar da ni, can ƙauyenmu na gefen Toranke, shekarar da Kaka ta tafi Makka.

Baba yana da akori-kura fara, tsohuwa tukuf, amma a wurinmu babu kamarta a duniya. Tun da ya saye ta, Kaka, mahaifiyarsa, ta ƙi shiga. Ba tsoro ba ne. Cewa ta yi ba za ta fara taka motar ɗanta ba sai da ƙafar da ta taka ƙasa mai tsarki, don albarka ta zauna a ciki. Ko ranar tafiyar ma motar haya ta shiga. Baba kuwa ya yi mata alkawari a gaban kowa: ranar da aka sauke alhazai a Gaya, shi zai ɗauko ta da kansa.

Sunan Kaka aka sa min, a ɗakinta nake kwana, don haka ni ta bar wa amanar kayanta. Kayan ba su da yawa, amma akwai turmi. Turmin kirya ne, baƙi wuluk, mai nauyin tsiya, da shi aka kawo ta gidan aure. Ba a aronsa. Zama a kansa kuwa, duk jikan da ya gwada sai ya sha muciya. Tana gyara mayafi za ta fita ta ce min, "Takwara, turmina. Ko ubanki ne ya zo nema, ki ce mai shi ba ta nan."

Farkon damina ne, ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi, gero ya fara leƙowa. Ran nan da safe rediyo ya ce jirgin alhazanmu ya sauka Kano, gobe za a kawo su Gaya. Wayyo daɗi! Inna ta rangaɗa guɗa, aka jiƙa shinkafar waina, aka kwaɓa lalle, ni kuwa na share ɗakin Kaka har tsintsiya ta gaji. Baba ba ya nan, ya yi sammakon kwaso taki daga Gafasa. Matsalar Baba ɗaya ce: bai iya cewa a'a ba. Wannan ya ce, "Malam, ɗan buhun nan," wancan ya ce, "Ɗan wannan kaɗai," har mota ta durƙusa. A hanya kuma ya afka wani rami da ruwa ya rufe.

Da hantsi muka ji ta tafe tana gurnani. Muka fito a guje. Innalillahi! Motar ta jirkice, bayanta na dama ya zauna a kan taya, tana jan jiki kamar akuyar da ta karye, ga ƙaurin roba. Baffa, ƙanen Baba, wanda ya taɓa yin yaron mota, ya kwanta ya leƙa ƙasanta. Ya fito yana karkaɗe riga.

"Yaya, babban sifirin ne ya tsinke."

Sifirin, in ba ka sani ba, faifayen ƙarfe ne dogaye a jere bisa juna, su ke ɗauke da nauyin bayan mota. Baba ya zauna a dakali ya cire hula, yana kallon motar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Baffa ba ya son zaman jimami. Ya haye babur sai Gaya, bayan azahar ya dawo da tsohon sifirin na kwance ɗaure a bayansa, yara na binsa da ihu. Nan da nan maƙwabta suka cika ƙofar gida, aka sauke taki, aka shimfiɗa buhu, aka baje sifanu. Kowa ya zama bakanike, har da liman.

Sai dai jak, abin ɗaga mota, ɗaya ne. Dole a ɗaga jikin motar a tokare shi da wani abu, sannan a zare jak ɗin a kai shi wajen taya. Aka jera tubali, mota na sauka ya ruguje. Aka kawo kututturen dogonyaro, ya yi gajarta, ya kuma nutse a danshi. Baffa ya shiga gida shan ruwa, idonsa ya sauka a kan turmin.

Inna ta ɗaga hannu. "A'a, ba ruwana. Ga mai amana nan."

Na ruga na rungume turmin. Baba ya shigo. Da ya so, tsawa ɗaya ta isa. Amma sai ya tsugunna a gabana, da yake ba ya iya kiran sunana, ya ce, "Uwata, kin ga halin da ake ciki. In kin hana, wallahi ba mai taɓa shi."

Kai, na sha wuya a ɗan lokacin nan! In ya tsage fa, me zan ce mata? Sai kuma na hango Kaka ta sauko a Gaya tana waige-waige, tana neman farar mota babu ita. Na share hawaye na ce, "Ku ɗauka. Amma a ninka masa buhu a kai."

Maza biyu suka mirgino shi waje, aka kife shi, aka tura ƙarƙashin motar. Baffa ya fara sauke jak a hankali. Itacen ya yi wata ƙara, ƙiii, na runtse ido. Da na buɗe, ga mota zaune daram, turmi ko gezau. Ihun da muka yi har kaji sai da suka watse.

Daga nan aiki ya kankama. Notuna sun yi tsatsa, aka jiƙa su da kananzir da baƙin mai, aka zura wa sifana dogon bututu, majiya ƙarfi suka danna har suka saki ɗaya bayan ɗaya. Aka zaro karyayyen, aka goge sauran faifayen, Baffa ya jera su da sabon yana buga guduma, gumi da mai sun rina masa fuska. Ni dai idona na kan turmi. Kafin rana ta faɗi aka ɗaure komai tamau, aka zare turmi, aka sauke mota. Ta miƙe sak! Baba da liman suka haye baya suna tsalle don gwaji, manya da su, mu kuwa muna ta tafi.

Turmin bai tsage ba, amma ƙarfe ya ci buhun ya bar masa zane a gindi, faɗin yatsa biyu, mai ya shige ciki. Na goge da toka, na goge da yashi, ya ƙi fita.

Washegari muka cika bayan mota da tabarmi da waƙa. A Gaya Kaka ta sauko cikin fararen kaya, haƙorin Makka na walƙiya. Ta yi bisimilla ta sa ƙafar dama a motar, Baba ya juya yana goge ido da hular tasa. Ni kuka na yi sosai, na murna.

Da gari ya waye Kaka ta karkata turmin za ta wanke. Yatsanta ya tsaya a kan zanen.

"Takwara, wa ya zauna min a turmi?"

"Motar Baba ce," na ce, na kwashe labari na faɗa mata ina kallon muciya.

Ta jima tana shafa wurin. Can ta ce, "Da turmin nan na ciyar da ubanki har ya zama mutum. Don ya tallafe shi yini guda, ai aikinsa ya yi."

Yau kanikawa suna da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, hatsi kuma inji ake kai shi, da wuya ka ji lugude a unguwarmu. Akori-kurar an daɗe da kwance ta, Kaka da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Turmin yana tsakar gidana, da shi aka kawo ni. Kwanaki 'yata ta ce a sa kafinta ya kankare baƙin zanen nan, wai ya yi muni. Na ce mata ta kankare duk abin da ta ga dama a gidan nan, ban da wannan.