Shekarar da Saniya Ta Cinye Dangarmu

A shekarar farin nan da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, nonona ya ƙafe, 'yata kuwa ko zama ba ta fara ba. Abin da ban ci ba, me zan ba ta? Maigidana ya sayo madarar gwangwani a kasuwar Ɗanbatta, muka dama mata, sai zawo ya kama ta har idonta ya faɗa. Inna, surukata, ta ture gwangwanin da ƙafa, ta ce, "Ga saniya a turke, kuna ɗura wa jinjira gari?"

Saniyar ita kaɗai ce gare mu. Ba ta san allura ba, ba ta san abincin buhu ba. Harawa, dusa, 'ya'yan gawo da 'yar kanwa, shi ke nan. Da safe Inna kan wanke hantsar, ta bar maraƙi ya fara ja, sannan ta tatsa a ƙwarya. Ni nake tacewa, in tafasa, in sirka, in ba yarinya da ƙaramin ludayi. Cikin ya tsaya, ta fara kama yatsana da ƙarfi.

Sai harawa ta ƙare, bazara ta ƙi ƙarewa. Nonon ya koma ba ya ko rufe gindin ƙwarya.

Wata safiya na ji motsi a bayan ɗakina. Na leƙa, sai ga maigidan yana kwance dangar karan da ta kewaye gidan. Na ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Ni da ko zaure ba na leƙawa, za ka baje ni a idon duniya?"

Bai ko ɗago ba, ya ce, "To zaɓi, danga ko yarinya."

Na koma ɗaki ina huci.

Yakan daddatsa karan, ya jiƙa shi da ruwan kanwa, ya barbaɗa dusa. Saniya ta yi ta ci, ba ruwanta da mutuncina. Ta cinye ɓangaren gabas, ta juyo wanda ke bakin hanyar da maza ke bi zuwa masallaci. Na koma yin daka a lulluɓe cikin zafin nan, kunya kamar ta kashe ni. Na sha kuka, ba zan ɓoye ba. Amma nono ya ɗan dawo, yarinya ta yi kumatu, har ta fara rarrafe.

Can wata rana na lura na daɗe ban ji takun kowa a hanyar ba. Na tambayi Inna ko mutanen unguwa ci-rani suka tafi.

Ta ce, "Ba inda suka je, 'yar nan. Zagayawa suke yi ta cikin ƙaya, can bayan gonaki. Kuma ba wanda ya roƙe su."

Har damina ta wuce, muka yanki sabon kara, namiji ko ɗaya bai bi ta gefen gidanmu ba.